Wace kalma za mu sa a madadin "seminari"?

Jama'a, tun makon jiya nake neman kalma ɗaya, yau na kawo muku inda na tsaya.

Yayana ya yi shekara ashirin yana sarin kayan gini. Bara ya miƙa wa yaronsa makullin shago ya koma karatu. Da muka je gaya wa Mama, na ce mata Yaya ya tafi seminari. Ta ce, "Mene ne kuma seminari?" Na ce makarantar fastoci ce. Sai ta yi murna, wai za ta ga ɗanta a kan bagadi. Nan na gane na ɓatar da ita, domin Yaya ba naɗin fasto ya je nema ba. Tarihi ya je karantawa: yadda masu bi suka yi rayuwa tun zamanin manzanni, da taron bishop-bishop na Nisiya na shekarar 325, da malaman Afirka ta Arewa irin su Agustin na Hippo, a ƙasar Aljeriya ta yau.

To "makarantar fastoci" ta yi ƙunci. Haka ma "makarantar horar da limaman coci" da muke ji a rediyo. Ta dace da irin ta Katolika, inda ake shirya matasa su zama fada, amma ba ta rufe ɗan kasuwa mai furfura da ya zo neman ilimi ba. "Makarantar Baibul" kuwa a wurinmu tana da nata matsayi, ita ce wadda ake koyar da masu bishara, sau da yawa da Hausa.

Sai na bi asalin kalmar "seminari". Da Latin ana nufin wurin rainon iri ne, irin fangalin da mai lambu yake yafa albasa kafin ya cire ya yi dashe. Majalisar Trent ta Katolika ce a 1563 ta umarci bishop-bishop su buɗe irin waɗannan makarantu. Hoton ya burge ni ƙwarai, domin duk wanda ya taɓa noman rani zai gane shi nan take. Na gwada ƙirƙiro "maraina" daga raino, yadda muka samu makaranta daga karatu. Amma a rubuce ba mai raba ta da raini, kuma ba zan so a karanta sunan makarantar Yaya a matsayin wurin da ake raina mutane ba. Na ajiye ta, ko da yake har yanzu tana min daɗi a baki.

Wani ya ba ni shawarar "tsangaya", tunda jami'o'i ma sun ɗauke ta. Ni dai ina ganin tsangaya ta almajiran Alƙur'ani ce, a bar musu abinsu.

Abin da na zaɓa shi ne "makarantar tauhidi". Na san kalmar daga Larabci take, kuma ga Musulmi tana nufin kaɗaita Allah. Amma Kiristocin Arewa sun daɗe suna amfani da ita wajen ilimin sanin Allah, kuma haka dattawa suke kiran irin TCNN (Theological College of Northern Nigeria) ta Bukuru kusa da Jos, wadda aka buɗe a 1959. Ba sai an ƙirƙiro sabuwa ba.

Fannin nasa kuma, don Allah mu ce "tarihin ikilisiya", kada mu ce "tarihin coci". Coci da majami'a gini suke kawowa a zuciya. Ikilisiya kuwa jama'ar ce, daga kalmar Girkanci mai nufin taro, shi ya sa take cikin sunan EYN (Ikilisiyar 'Yan'uwa a Nijeriya) da TEKAN (Tarayyar Ikilisiyoyin Kristi a Nijeriya). Mutane Yaya yake karantawa, ba bulo da kwano ba, waɗannan ya bar su a shago.

Ran Lahadi na koma na ce, "Mama, Yaya yana makarantar tauhidi, yana karanta tarihin ikilisiya." Ta yi shiru kaɗan, ta ce, "Wato labarin waɗanda suka riga mu bi." Na ce shi ke nan.

'Yan'uwa na Maraɗi da Garwa, ku yaya kuke faɗa a wajenku?