Baba ya fara ruɗewa kwatsam: gigin tsufa ne ko magunguna?

Ɗan_Fagge: Assalamu alaikum. Mahaifinmu shekararsa 78, yana da hawan jini da ciwon suga. Yana shan glibenclamide na suga da lisinopril na hawan jini da maganin sa fitsari, ga diclofenac na ciwon gwiwa daga kemis, da dare kuma Piriton don ya samu barci. Makon nan jiri ke ɗibarsa in ya miƙe, da dare ya riƙa surutai, da safe kuma garau. 'Yan gida sun ce gigin tsufa ne. Me ya kamata mu yi?

Likitan_Dattawa: Wa alaikumus salam, Allah ya ba Baba lafiya. Gigin tsufa a hankali yake shigowa, cikin watanni ko shekaru. Ruɗewar da ta zo cikin kwanaki, tana tafiya tana dawowa, akwai abin da ya tayar da ita, kuma galibi ana magance shi. Ku kai shi asibiti yau.

Wanda na fi zargi glibenclamide ne. Yana daɗewa a jiki, ƙodar tsoho kuma ba ta fitar da shi da sauri, sai suga ya faɗi cikin dare, musamman in bai ci tuwon dare sosai ba. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta son a ba wanda ya haura 60, ta fi son gliclazide. In ya fara surutan, ku auna sugansa nan take. Ƙasa da 70 a na'urar, wato 3.9 a ɗaya ma'aunin, ya faɗi ke nan: a dama sukari cokali babba ɗaya a ruwa ya sha, bayan minti 15 a sake aunawa. In ba ya cikin hayyacinsa kada a ɗura masa komai, zai shaƙe.

A asibiti ku nemi a duba ƙoda da gishirin jini da fitsari, a kuma taɓa mararsa ko fitsari ya taru.

Mai_Harhaɗa_Magani: Ƙari kan bayanin likita. Diclofenac da lisinopril da maganin fitsari in suka haɗu, ƙoda ce ke shan wahala, ga gyambon ciki, ga jinin ya ƙi sauka. Farasitamol ya fi masa sauƙi, ko na shafawa a gwiwar. Piriton kuwa yana cikin jerin Beers, wanda Ƙungiyar Likitocin Tsofaffi ta Amurka ta sabunta a 2023, na magungunan da ake kauce wa bayan shekara 65. Yana ruɗa tsoho, ya busar da baki, ya riƙe fitsari ga mai kumburin ƙwayar mafitsara (prostate).

Ku zuba duk abin da yake sha a leda ɗaya ku tafi da shi, har jiƙo da na Islamic kemis. Nan ake yawan gano magani ɗaya da suna biyu. Amma na hawan jini kada ku tsayar da shi da kanku.

Jinya_Zariya: Batun jirin, ɗan'uwa, awon jini a zaune kaɗai ba ya nuna shi. Ya kwanta minti 5 a auna, ya miƙe a sake aunawa bayan minti 1 da minti 3. In lambar sama ta sauka da 20 ko ta ƙasa da 10, jininsa na faɗuwa in ya tashi, sai likita ya rage magani. Kafin nan ya riƙa zama a bakin gado tukuna kafin ya miƙe, musamman tashin asuba. A bar fitila a hanyar bayi, a naɗe tabarmar da bakinta ya tashi. Karayar ƙugu a wannan shekarun ba ƙaramin abu ba ce.

Ɗan_Fagge: Na gode, Allah ya saka. Akwai likitocin tsofaffi na musamman ne a Najeriya?

Likitan_Dattawa: Akwai, sai dai 'yan kaɗan ne. Cibiya ta farko ita ce ta Tony Anenih a Asibitin Koyarwa na Ibadan, an buɗe ta a 2012. Ba sai kun je can ba, likitan iyali a asibitin koyarwa mafi kusa zai iya tace magungunan nan.