Ƙanina ya samu rauni a laka, an sallamo mu, ta ina zan fara?

Yayar Majinyaci:
Salam jama'a, dan Allah ku taimaka min da shawara. Ƙanina ya yi haɗarin babur, laka ta taɓu, daga ƙirji zuwa ƙasa ba ya motsi, yanzu an sallamo mu gida kuma wlh ni kaɗai ce a kansa, ga fisiyo (gashi da motsa gaɓoɓi) ga robar fitsari ga neman keken guragu, kaina ya kulle.

Maman Biyu:
Allah sarki 'yar'uwa, Allah ya ba shi lafiya. Mijina shekara 3 kenan. Abu na farko gyambon kwanciya, ki dinga juya shi duk bayan awa 2 har da dare, kullum ki duba ƙugu da diddige, in kin ga ja da bai washe ba kar ya sake kwanciya ta wajen. Mu sakaci ɗaya muka yi, wata 5 muna diresin.

Ɗan Kurna:
Hajiya ki samu littafi ki rubuta komai, magani, ranar canza roba, ranar ganin likita, sannan ki raba wa dangi aiki kowa da ranarsa dan ba za ki iya ke kaɗai ba. Asibitin ƙashi na Dala suna da sashen fisiyo, ki tambayi ofishin walwalar marasa lafiya kuma.

Nas Ce:
Tunda daga ƙirji ne ki kula, in ciwon kai mai tsanani ya taso masa da gumi farat ɗaya, ki zaunar da shi, ki duba ko roba ta toshe, jini ne ke hawa. In bai sauka ba asibiti nan take.