Wace kalma za mu sa wa "plot hole" a Hausa?

Masu sharhin fina-finai da Hausa sun daɗe suna aron "plot hole" yadda take a Turanci, wasu kuma suna cewa "ramin labari", alhali rami a kunnenmu abin da ake haƙawa a ƙasa ne. Shawarata ita ce mu tsaya a kan "ɓarakar labari".

Abin da ake nufi shi ne wurin da labari ya saɓa wa ƙa'idar da shi da kansa ya shimfiɗa. An nuna mana tun farko cewa ƙofar kurkuku ba ta buɗuwa sai daga waje, can gaba sai ga fursuna ya murɗa ta daga ciki ya fice, kuma babu wanda ya ce uffan. Nan take mai kallo, wanda hankalinsa ya riga ya tafi cikin labarin, zai farga cewa shiri ne kawai yake kallo, kuma da wuya ya sake yarda da abin da zai biyo baya. Tunda mun saba cewa an saƙa labari, muna kuma maganar zaren labari, to abin da ya buɗe a inda ya kamata ya haɗe ɓaraka ce. Kalmar ma ta zo da aikatau ɗinta, domin za a iya cewa marubuci ya ɗinke ɓarakar a kashi na gaba. Na san wani zai ce an fi jin ta a rikicin jam'iyya, amma can ɗin ma daga ɗinki aka aro ta.

Sai dai kada mu jibga mata kowane kuskure. Kofin gahawa na zamani da aka manta a kan tebur a zango na 8 na shirin talabijin mai dogon zango Game of Thrones a 2019, wanda tashar HBO mai shirin ta goge daga baya, bai taɓa labarin ba, ko da yake ya fizge hankalin masu kallo. Irin wannan na fi son mu kira shi "tuntuɓen ɗauka", bisa tsarin tuntuɓen harshe da tuntuɓen alƙalami.

Inda nake neman ra'ayinku shi ne "giɓin labari". A ganina giɓi abu ne da aka bari ba a bayyana ba, ba tare da ya ci karo da komai ba. Lokacin shirya fim ɗin Amurka The Big Sleep na 1946, masu fim ɗin sun tambayi marubucin littafin, Raymond Chandler, wa ya kashe direban mota a labarin, shi ma ya ce bai sani ba. Ni giɓi nake kiran wannan, domin bai saɓa wa komai a labarin ba. Idan akwai mai ganin ɓaraka ce, ya kawo hujjarsa mu duba.