"Ruwa ba ya tsami banza": ta hau kan Keyhoe ko ba ta hau ba?

Malam Sani: Jama'a, ku raba mana gardama. Donald Keyhoe matuƙin jirgin sama ne a sojan Amurka, ya yi hatsari a tsibirin Guam a 1922, daga baya ya koma rubutu. Shi ya raka shahararren matuƙin jirgin sama Charles Lindbergh rangadin Amurka a 1927. Daga 1950 ya kafe cewa abubuwan nan masu kama da faifai da ake gani a sama na halittun wata duniya ne, rundunar sojan sama ta sani tana ɓoyewa. Wani abokina ya ce ai ruwa ba ya tsami banza. Ta hau?

Hajiya Binta: Ta hau ɗas, Malam. A 1958 yana magana kai-tsaye a talabijin ta CBS aka katse masa murya, masu kallo suna ganin baki na motsi, ba sauti. Da walakin goro a miya.

Auwalu: Hajiya, a yi min afuwa. Gidan talabijin ya ce ya kauce daga rubutun da aka amince da shi ne. Kuma karin maganar cewa ta yi akwai dalili, ba ta ce dalilin da kai ka zaɓa ba. A 1997 wani nazari na CIA, hukumar leƙen asirin Amurka, ya ce fiye da rabin rahotannin ganin abubuwan nan a ƙarshen shekarun 1950 da shekarun 1960 jiragen leƙen asiri ne irin su U-2. U-2 yana tashi sama da ƙafa 60,000, jikinsa na azurfa na ƙyalli da hasken rana bayan ƙasa ta yi duhu. Ɓoyon gaskiya ne, amma don Tarayyar Sobiyet aka yi shi.

Hajiya Binta: To ƙanena, ka ga kuwa ruwan ya yi tsamin!

Malam Sani: Tsami kam ya yi, abin da ya tsamar da shi ne Keyhoe ya kuskure. Ni da "biri ya yi kama da mutum" aka ce, da na fi yarda, don ita zargi take yi, ba ta yanke hukunci. Shi kuwa ya yanke, ko da ƙungiyarsa NICAP mai binciken abubuwan nan ta sauke shi daga shugabanci a 1969 bai sauya ba har ya mutu a 1988.

Hajiya Binta: Binciken Blue Book, wanda rundunar sojan saman Amurka ta yi kan abubuwan nan, ya duba rahotanni 12,618, aka rufe shi 701 ba a gano su ba. Auwalu, su ma duk U-2 ne?