Neman shawara: ƙafafuna suna ɗaurewa a kilomita 28

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekara biyu ke nan ina fita gudu bayan sallar asuba daga Unguwar Rimi zuwa Dandalin Murtala a nan Kaduna, kuma na ƙudiri niyyar shiga gasar gudun famfalaƙi ta Legas a watan Fabrairu, wadda tsawonta kilomita 42.195 ne. Matsalata ita ce, sau biyu ina gwada dogon zango, kuma da na kai wajen kilomita 28 sai cinyoyina su yi nauyi kamar an ɗaura musu bulo, har ta kai ranar Asabar na zauna a bakin kwalbati na tari Keke Napep ya mai da ni gida. Rashin juriya ne, ko kuwa akwai kuskure a atisayena?

Amsar wani tsohon ɗan tsere daga Kawo:

Wa'alaikumus salam, ƙanena. Kada ka zargi zuciyarka, domin abin da ya same ka sananne ne. Jiki yana ajiye sukari a cikin tsoka da hanta, kuma ajiyar takan ƙare wa yawancin mutane a wajen kilomita 30; daga nan sai ya dogara da kitse, wanda ba ya ba da ƙarfi cikin hanzari. Ina kyautata zaton kana farawa da zafi, kamar yadda matasanmu suka saba don kada a wuce su a titi. Ka riƙa yin dogon gudunka a hankali, yadda za ka iya yi wa abokin tafiyarka magana ba tare da haki ba, saboda irin wannan gudun ne yake koya wa jiki ƙona kitse ya tattala sukarinsa. Ka kuma sa dabino a aljihu, ka fara ci kana kurɓar ruwa tun kafin sa'a ɗaya ta cika, kada ka jira sai jiri ya ɗebe ka. Ko Eliud Kipchoge, shahararren ɗan tseren Kenya, da ya gama gasar Berlin ta 2022 cikin sa'a 2 da minti 1 da daƙiƙa 9, ana miƙa masa abin sha a kan hanya.

Amsar wata ma'aikaciyar jinya daga Barnawa:

Na yarda da bayanin Baba, amma akwai abin da bai taɓo ba. Malam, a busasshen sanyin hunturun Kaduna kake atisaye, inda gumi ke bushewa nan take, alhali iskar Legas mai laima ce, gumin ba ya bushewa balle ya sanyaya jiki. Saboda haka ka sassauta saurinka a can fiye da yadda ka saba. Idan kuma ka taɓa jin ciwon ƙirji ko kana da hawan jini, ka ga likita kafin ka yi rajista.

Mai tambaya:

Na gode, Allah ya saka da alheri. Gaskiya ban taɓa cin komai a kan hanya ba. Baba, dabino nawa ya kamata in ɗauka ranar Asabar?