Jar hula da allo: shin Kwankwaso ne ya fi fahimtar ciwon ilimin Arewa a zaɓen 2023?

Mai Jar Hula: Assalamu alaikum. Jiya a wurin ɗaurin aure na faɗi wata magana aka yi mini caa, to bari in maimaita ta a nan. Cikin manyan 'yan takarar shugaban ƙasa huɗu na 2023, Sanata Rabi'u Musa Kwankwaso na NNPP ne kaɗai ya zo da maganar ilimi wadda ya riga ya gwada a aikace, kuma ba ta ci karo da addininmu ba. Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Wudil a zangonsa na farko na gwamnan Kano aka kafa ta, 2001. Jami'ar Northwest a 2012. A wannan shekarar aka tura ɗalibai 501 ƙasashen waje su yi digiri na biyu, daga baya aka kai wasu Jodan koyon tuƙin jirgin sama. Ga ciyar da 'yan firamare, ga kayan makaranta kyauta. Mai ja, ga fili ga mai doki.

Malamar Firamare: Wa alaikumus salam. Yaya, ina da ja, kuma jan nawa na alli ne, ba na jam'iyya ba. Wa aka tura Indiya da Malesiya? Wanda ya riga ya gama digiri da sakamako mai kyau. Madalla da shi. Amma yarinyar da ke gabana a aji huɗu, wadda har yau ba ta iya haɗa baƙi da wasali ba, wane jirgi ne zai ɗauke ta? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Abincin makaranta kuwa ya kawo yara, wannan na gani da idona, ba zan yi ƙarya ba. Sai dai aji ya cika maƙil, wasu a ƙasa, wasu a bakin taga, malama ɗaya. Kiran suna kaɗai yana cinye rabin darasi.

Mai Jar Hula: Malama, ai shi ya sa a takardar manufofinsa da ya ƙaddamar a Nuwamban 2022 ya yi alkawarin gina ajujuwa 500,000, da biya wa yara kuɗin WAEC da NECO da JAMB, sakamakon JAMB ɗin kuma ya yi shekara huɗu yana aiki. Wane ɗan takara ne ya sauko ƙasa haka?

Tsohon Ma'aikaci: Yaro, dakata. Na yi aikin gwamnati shekara 35, na san inda takarda ke tsayawa. Firamare ba a hannun shugaban ƙasa take ba, tana hannun jiha da ƙaramar hukuma. Abin da dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta tanada shi ne hukumar UBEC ta ware kuɗi, jiha ta kawo nata kason, sannan ta karɓa. Jihohi da yawa ba sa kawowa, kuɗin ya yi ta kwanciya a Abuja. To ko mala'ika aka zaɓa, gwamnoni 36 zai lallasa. Sannan aji bulo ne da kwano. Wa zai biya albashin malamin da zai shiga ciki?

Malamar Firamare: Allah ya saka da alheri, Baba. Wannan tambayar ta ƙarshe ita ce ba na jin kowa yana amsawa a kan mumbarin kamfe.

Ɗan Sabon Gari: Ni kalmar "kaɗai" ce ta tsaya mini a wuya. Peter Obi ma ya yi gwamna shekara takwas a Anambra, kuma a 2011 ya mayar wa coci-coci makarantun da gwamnati ta karɓe daga hannunsu bayan yaƙin basasa, gwamnati ta ci gaba da biyan albashin malamai. Kuna iya ƙin tsarin, amma shi ma gwaji ne a aikace, kuma shi ma addini da boko ya haɗa. Abokina, ka ce Kwankwaso ya yi a Kano, kar ka ce babu wanda ya yi a wani wuri.

Alaramma: To, kun zo inda nake jira. Ɗan Sabon Gari, ashe a can gwamnati ta ce wa masu addini, ku riƙe makarantunku, mu za mu biya. Mu a nan me aka ce mana? A 2013, Kwankwaso yana gwamna, aka yi dokar hana bara a titunan Kano. Ban ce bara addini ba ce, wallahi ba ita ba ce, kuma babu alaramman kirki da ke jin daɗin ganin ɗalibinsa da roba a bakin danja. Amma yaron nan sai ya ci sau uku. Iyayensa na ƙauye, sun kawo shi da allo da bargo, sun juya. Idan ka hana shi bara ba ka aiko da buhun masara ba, me ka ce ya yi? An ciyar da ɗan boko a aji, an kama ɗan allo a titi. Wannan ne yake yi mana zafi, kuma shi ya sa ban yarda da "ba ta ci karo da addininmu ba".

Mai Jar Hula: Allah ya gafarta Malam, ai dokar ba da tsangaya take faɗa ba, da bara take. Kuma gwamnan da ya gaji Kwankwaso ma ya sake hanawa a 2020.

Alaramma: Sake hanawar ita ce shaidata, ɗana. Da ta farko ta yi magani, me za a sake? Gwamnatin Jonathan ma ta gina makarantun almajirai, an buɗe ta farko a Gagi ta Sakkwato a 2012. Je ka duba da yawansu yau. Kowa gini yake kawowa ko doka, babu mai zama da malamin ya tambaye shi nawa yake kashewa a wata.

Hajiya Mai Atamfa: Ku bar ni in sa baki, don duk maganar maza ake ta yi. Auren zawarawa fa? A 2012 Hisbah ƙarƙashin Sheikh Aminu Daurawa ta fara da ma'aurata 100, a ƙarshen 2013 aka aurar da 1,111 a rana ɗaya. Gwamnati ta biya sadaki, ta yi gado da katifa, ta ba da ɗan jari, kuma sai an yi gwajin jini kafin a ɗaura. Akwai maƙwabciyata da ta shiga, tana nan da mijinta da 'ya'ya uku. 'Yan boko na Legas suna dariya wai gwamnati ta zama dillaliyar aure. Su ba su san kukan bazawara mai yara huɗu a gidan uban da shi ma ba ya da na cefane ba.

Malamar Firamare: Hajiya, ban raina ba. Amma ki tambayi kanki me ya sa zawarawan suka yi yawa har sai da gwamnati ta shigo. Kayan ɗaki ba sa hana saki. Da yarinyar ta gama sakandare tana da sana'a a hannu, ko an sake ta ba ta zama kaya a wuyan kowa ba.

Hajiya Mai Atamfa: 'Yata, wadda aka riga aka saka fa? Ta jira sai kin gyara firamare?

Tsohon Ma'aikaci: Kun ga, maganar addinin nan tana ba ni dariya, don ni na ga farkonta. Da Zamfara ta fara shari'a a zamanin Ahmed Sani, Kano ta ɗauki zafi, aka matsa, aka ƙaddamar a tsakiyar 2000, Kwankwaso yana gwamna. Duk da haka da yawa cikin malamai na ganin da sanyin jiki ya shiga, kuma wannan na cikin abin da Malam Ibrahim Shekarau ya hau ya kayar da shi a 2003. Mutumin da aka taɓa zargi da ja da baya a kan shari'a, shi ne ya dawo a 2011 ya riƙe Hisbah da aikin aure da sulhu. Ni abin da na karanta a tafiyarsa shi ne yana kallon addini a matsayin hanyar gyaran zaman jama'a, ba tutar neman ƙuri'a ba. Wannan ra'ayina ne, ba nassi ba.

Ɗan Sabon Gari: Baba, a nan kam na ba shi. Lokacin da APC ta tsayar da Musulmi biyu, shi Bishop Isaac Idahosa na Edo ya ɗauko mataimaki. Sai dai bai sayo masa ƙuri'ar Kudu ba. Ƙuri'a kusan miliyan ɗaya da rabi ya samu gaba ɗaya, kusan miliyan ɗaya a Kano, jiha ɗaya tak ya ci. Maganar haɗewa da Obi a 2022 ta watse a kan wa zai hau gaba.

Mai Jar Hula: Malam Aminu Kano ma a 1979 Kano ce ta tsaya masa, PRP ta ci gwamna a Kano da Kaduna kawai. Wa ya isa ya ce don bai shiga fadar gwamnati ba aƙidarsa ta faɗi? Hular nan tasa ce muka gada.

Tsohon Ma'aikaci: Ka taɓo mini inda ke ƙaiƙayi. Gwamnatin Abubakar Rimi ta PRP ta soke haraji da jangali, ta kafa hukumar yaƙi da jahilci, hukumar tana nan bayan masu kafa ta sun shuɗe. Ma'aunina ke nan: abin da zai rayu in ka sauka. Wudil tana nan, Northwest tana nan, na yarda. Amma bayan canjin gwamnati a 2015 bashin kuɗin makaranta ya taru a wasu jami'o'in waje, wasu ɗaliban da ke Saifurus suka shekara da shekaru takardunsu na riƙe. Ko laifin wa ne, kowane ɓangare da nasa bayanin. Abin da ya nuna mini shi ne tsarin a jikin mutum ɗaya aka rataye shi, ba a jikin doka da asusu ba.

Mai Jar Hula: To na janye "kaɗai". Sauran maganar tana nan daram.

Alaramma: Ka janye rabin "ba ta ci karo ba" ma, sai mu yi musafaha. Kuma in kun haɗu da manyanku, ka isar mini: almajiraina 60 ne, buhu biyu na masara ba ya kai mu ƙarshen wata.

Malamar Firamare: Ni kuma a ƙara mini malami ɗaya a aji huɗu. An buga ƙararrawa, na shiga.