Na gama digiri a Penang: in tsaya neman aikin cif ko in koma gida?

Nasiru: Salam 'yan'uwa, ina neman shawara. Ina kammala digiri na biyu a fannin lantarki a Universiti Sains Malaysia da ke Penang, Malesiya, bizar karatuna ta kusa ƙarewa. Baba gona ya sayar ya turo ni, ƙannena na jirana, ga maganar aure an dage sau biyu. Kullum ana cewa masana'antu na barin China suna zuwa nan, amma ni ko kira ba a yi min ba. Bincikena kan zanen da'irar cif ne, wato ƙaramin guntun lantarkin da ke cikin waya da kwamfuta. Wallahi barci ya gagare ni.

Injiniya Bashir: Nasiru, matsalarka a bayyane take. Abin da ya fi yawa a Penang haɗa cif ne da rufe shi da gwada shi, ba zane ba, tun Intel ta buɗe a 1972. Malesiya na yin kusan kashi 13 cikin ɗari na wannan aiki a duniya. Sake takardarka ta neman aiki: saka injinan gwaji na kamfanin Advantest ko Teradyne, yaren kwamfuta na Python, da lissafin kason cif ɗin da ke fita lafiya. A hira za su tambaye ka me ke sa wayar zinariya ta ɓalle daga cif, ko danshi ya fasa robar rufi a tanda. Nemi Kulim, garin da ke kusa da Penang, inda kamfanin cif na Infineon ya buɗe masana'antar cif ɗin silikon kabaid a 2024.

Hauwa'u: Ku daina ruɗa shi. Cikas ɗin biza ce. Employment Pass, wato izinin aiki na ƙwararru, kamfani ne ke nema, da mafi ƙarancin albashi, kuma sai an soke bizar karatu. Aikin leburan layi kuwa Najeriya ba ta cikin ƙasashen da aka amince a ɗauko daga can. Intel ma ta rage kusan kashi 15 na ma'aikatanta a 2024. Ni abin da ke ƙona min rai, gida Najeriya ko wutar awa goma babu, wa zai kawo mana masana'anta?

Nasiru: Yaya Hauwa'u, zane na karanta da gangan, ba zan koma tsaron inji awa 12 ba.

Injiniya Bashir: Injiniyan gwaji ba mai tsaron inji ba ne, ƙanena! Shekara biyu a nan ke buɗe ƙofar zane. Kada ka biya dillalin aiki ko sisi.

Malam Aminu: Gwada Vietnam, kamfanin haɗa cif na Amkor ya buɗe masana'anta a lardin Bac Ninh a 2023. Ko ka nemi digiri na uku, bizar ta tsawaita.

Injiniya Bashir: Vietnam sai gogewa ake ba baƙo izinin aiki. Bai da ita.

Nasiru: Digiri na uku kuma da wane kuɗin? Ni dai zanen nake so. Akwai wanda ya san kamfanin da ya taɓa ɗaukar ɗan Najeriya?